Mu karɓi bashin waje ko mu tsaya ga akwatinmu?

Tambaya: Salamu alaikum. Mu mata 30 ne a wata unguwa ta Tibiri, shekara 3 ke nan muna zubin dala ɗari (sefa 500) a akwatin ƙungiya kowace Alhamis, muna ranta wa juna. Wani ma'aikacin gidan ba da ƙaramin bashi ya ce za su ba mu miliyan ɗaya da rabi, jika 50 (sefa dubu 50) kowace mace, mu biya wata-wata cikin wata 6, ruwa kashi 2 cikin ɗari a wata, amma sai mun lamunce wa juna. Ƙungiya ta rabu biyu, ni ce shugaba. Mu karɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Irin asusun da kuke yi a nan jihar Maraɗi aka haife shi. A 1991 ƙungiyar agaji ta CARE ta fara shi da sunan Mata Masu Dubara, daga nan ya bazu ƙasashe da dama. Ƙarfinsa shi ne ruwan da mace ta biya akwati yake komawa, ranar rabo ta samu kasonta. Na gidan bashi kuwa in ya fita ya fita. Wannan ba ya hana a karɓa, sai dai a yi lissafi tukuna.

Fara da kashi 2 ɗin nan. Ki tambayi ma'aikacin a gaban kowa: a kan jika 50 za a riƙa lissafa shi har ƙarshe, ko a kan abin da ya rage bayan kowane biya? In a kan ragowa ne, ruwan wata 6 jika 3 da rabi ne ga kowace mace. In a kan uwar kuɗin ne, jika 6 ne, alhali daga wata na biyu ba jika 50 ke hannunta ba. Bambancin a ƙungiya duka ya kai jika 75, zubinku na mako 5 ke nan. Sannan akwai kuɗin takardu, da na buɗe asusu, da ajiyar dole da sukan riƙe har a gama biya. Wadda aka rubuta wa jika 50 aka riƙe 5, to 45 take juyawa amma ruwan 50 take biya. A ƙasashen da ke ƙarƙashin BCEAO, babban bankin ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma, tun 2014 iyakar tsadar bashin irin waɗannan gidaje kashi 24 cikin ɗari ce a shekara, har da kuɗaɗen gefe. Ku nemi a rubuta muku jimillar abin da za ku biya, ku kuma ga takardar izinin aikinsu. Hukumar ARSM ce ke sa ido a kansu a Nijar.

Abin da ya fi kayar da mata ba ruwan ba ne, lokacin biya ne. Mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli tana juya jarinta kowane mako, biyan wata-wata ba ya girgiza ta. Mai turkar rago don Layya fa? Wata 4 ko 5 tana sayen dusa da harawa, ko dala ba ta shigo ba, ga biya ya zo. Haka mai sayen wake ko aya da kaka ta ajiye sai bazara. Su waɗannan bashin da ake biya gaba ɗaya a ƙarshe ya dace da su, ko na jinginar amfanin gona a sito. In ba haka ba za ta ranci akwati ta biya gidan bashi, ana tufka ana warwara. Masu saro kaya daga Najeriya ta iyakar Ɗan Isa su ma su tuna da sefa za su biya, ko naira ta tashi ko ta faɗi.

Sai lamunin juna. Ma'anarsa in mutum uku suka kasa, ku 27 za ku biya, kuma daga akwatinku za a fara. Galibi wadda ta kasa ba almubazzara ba ce: maigida ya karɓi kuɗin ya sayi taki ko ya yi guzurin ci-rani, ko yaro ya kwanta asibiti, ko an yi kayan ɗakin ɗiya. Sunanta ke takarda, kuɗin na wani hannu. Don haka ku kira mazajen su ji sharuɗɗan tun kafin a sa hannu, gaban mai unguwa in da hali. Batun halacci kuwa na malamai ne. Mai shakka ta tambaya ko gidan yana yin murabaha, wato su sayi kayan su sayar mata da riba sananniya.

A ganina kada ku karɓa ku 30 duka. Wadda ba ta taɓa juya abin da ya wuce jika 10 ba, jika 50 kaya ne a kanta. Ku buɗe littafin ƙungiya ku fitar da waɗanda suka yi shekara biyu ba su saɓa biya ba, kuma sana'arsu na kawo kuɗi kowane mako. Su yi rukuni na mutum 5 ko 6, su lamunce wa junansu kaɗai, a rubuta cewa akwatin ƙungiya ba ya cikin jingina. Zagayen farko kowace ta tsaya ga ninki biyu na bashin da ta saba biya a akwati. Sauran su ci gaba da zubi, makullai uku na hannun mutum uku kamar yadda aka saba, a sake duba maganar bayan rabon bana.