Ta ci min kuɗin adashe, dole ne sai na ƙaunace ta?

TAMBAYA: Mama barka da aiki. Ni 'yar zumuntar mata ce a wata ikilisiya a Kafanchan. Uwar adashenmu ta riƙe min kwasata naira dubu 80 yau wata bakwai kenan, kullum sai gobe sai jibi, da na yi magana kuma ta zagaya tana cewa ni mai son abin duniya ce. Ran Lahadi fasto ya yi wa'azi mu ƙaunaci juna yadda Allah ya ƙaunace mu, ita tana benci na gabana har da ɗaga hannu, ni kuwa raina kamar ya fashe. Shin ƙaunar nan tana nufin in haƙura da kuɗina?

AMSA: 'Yata sannu, dubu 80 a wannan tsadar ba abin wasa ba ne, kuma babu ayar da ta ce ki yi kamar bai dame ki ba.

Duba Matiyu 5:45, Allah yana fito da rana yana kuma sako ruwa a gonar mai kirki da ta mugu, ba ya jiran manomi ya gyara hali tukuna. Ƙaunar da ake nema gare ki kenan, ba wai ki ji daɗinta a rai ba, a'a, kada dai ki hana ta alherin da ke hannunki.

Amma ƙauna daban, amana daban, nan ne matanmu ke rikicewa. Yusufu da 'yan'uwansa suka sayar yana ɗan shekara 17, da yunwa ta koro su Masar ai ya cika musu buhuna da hatsi har ya mayar musu da kuɗinsu a ciki, amma bai ce ga ni ba, sai da ya tsare ɗaya daga cikinsu, Saminu, daga baya ya sa ƙoƙon azurfa a buhun Biliyaminu don ya ga ko za su sake yar da ƙaninsu. Yana kuka a ɓoye fa, yana kuma gwada su.

To ki bi Matiyu 18:15-17. Ki same ta a gida ke kaɗai, ba a bakin coci ba, in ta ƙi ki koma da mutum ɗaya ko biyu, in abin ya faskara sai dattawa, a rubuta ko dubu 10 ne duk wata. Sabon zubi kam kada ki shiga da ita. Labarin kuma ki daina kai shi wajen kitso, na san mu.

Ran Lahadi ki riga ta gaisuwa, ki tambaye ta yara.