Jirgin ƙasa ko tirela: wanne ya fi araha wajen dakon kaya masu nauyi?

Tambaya: Ina safarar siminti da taki zuwa wurare masu nisa, kuɗin tirela kuma yana cinye mini riba. An ce jirgin ƙasa ya fi sauƙi. Gaskiya ne?

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa, amma da sharaɗi. Ƙafar jirgi ƙarfe ce, layin dogo ma ƙarfe ne, don haka jan kaya a kai ba ya cin ƙarfi kamar yadda tayar roba ke ci a kan kwalta. A Amurka an kiyasta cewa man da tirela za ta sha wajen kai tan ɗaya, jirgi zai kai irin wannan nauyin ninki uku zuwa huɗu na nisan da shi. Shi ya sa ake ɗora masa ma'adinai, gawayin kwal, hatsi da siminti. Dubi jirgin Muritaniya, wanda ke jan tama daga Zuwerat zuwa tashar ruwa ta Nuwadibu, tafiyar kilomita 704, da tarago kusan 200 a jere. Tireloli nawa za a tara kafin su kwashe wannan lodin?

Sai dai jirgi ba ya zuwa ƙofar rumbunka. Nan ne 'yan kasuwa da yawa ke kuskuren lissafi, abin kuma yana damuna ƙwarai. Mota ce za ta kai kayan tasha, a sauke, a yi lodi a tarago, can ma a sauke, wata motar ta ɗauka. Kowane sauyi kuɗi ne, kuma a nan buhu ke yagewa ko ya ɓace. In tafiyar gajeriya ce, ko kayan ba su cika tarago ba, waɗannan kuɗaɗen za su haɗiye duk rangwamen da ka samu a hanya. In tafiyar ta yi nisa sosai, kayan kuma suna fita akai-akai, jirgi ne gaba.

In za ka tsallake iyaka, ka binciki faɗin layin dogon. Na Sin milimita 1,435 ne, na Kazakistan da Rasha 1,520, saboda haka kwantenar da ta taso daga Sin zuwa Turai ta wannan hanya sai an ɗauke ta zuwa wani jirgin a iyakar Kazakistan, a sake yin haka a iyakar Belarus da Poland, inda faɗin layin ya sake canzawa.

Siminti da taki ba sa shiri da ruwa, ka dage a ba ka rufaffen tarago. Ka nemi a rubuta maka ranar tashi da ranar isa, da awannin da aka ba ka na sauke kaya kafin a fara cajin kuɗin jinkiri, ka kuma yi wa kayan inshora. Sannan ka haɗa kuɗin motocin gefe biyu, da na lodi, da na jirgin, ka gwada jimillar da kuɗin tirela a kan tan ɗaya.