Amsa: Koyar da masu juna biyu da rakiyar naƙuda

'Yar uwa, kin tambaya ko za ki iya koyon wayar da kan masu juna biyu da kuma rakiyar mai naƙuda, wato aikin dula, a lokaci guda. Za ki iya, kuma ayyukan biyu suna ɗaukar juna. Amma ki fara da ilimin: matakan naƙuda, numfashi, shayarwa, da alamomin haɗari irin su zubar jini, ciwon kai mai tsanani da jijjiga. In kina son takardar da asibiti zai karɓa, ga makarantar koyon kiwon lafiya nan Daura, ko ta ungozoma a Malumfashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a jagorarta ta 2018, ta ce a bar mai naƙuda da wanda ta zaɓa ya zauna da ita.

Sharaɗi ɗaya: dula ba ungozoma ba ce. Ba ki karɓar haihuwa, ba ki duba mahaifa, ba ki ba da magani. Na taɓa raka wata yarinya mai cikin fari, kunya ta hana ta ko nishi, ta damƙe zanina da hannu biyu tana zufa. Ni dai bayanta na yi ta murzawa, ina ba ta ruwa kurɓi-kurɓi. Da ta ce min idonta na ganin dishi-dishi, ban tsaya shawara da kowa ba, na ruga na kira malamar asibiti. A aji na koyi wannan alamar, tun kafin in taɓa shiga ɗakin haihuwa.