Tambaya da Amsa: Saye da Adana Tsofaffin Littattafan Zanen Cututtuka

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni likita ne a Zariya. Wani dillalin tsofaffin littattafai a Faransa ya tallata mini kundin Jean Cruveilhier mai zanen gaɓoɓin da cuta ta ci, ya ce bugun farko ne. Me zan duba kafin in biya?

AMSA: Wa alaikumus salam, Likita. Fara da ƙirga. Wannan aiki na Cruveilhier, likitan Faransa, bai fito gaba ɗaya ba. An riƙa fitar da shi kashi-kashi a birnin Paris, har kashi 40, daga 1829 zuwa 1842, sannan kowane mai saye ya kai nasa wurin mai ɗinki a haɗa masa, galibi juzu'i biyu manya. A cikin shekara goma sha uku wani ya rasu, wani ya daina biya, wani kashin ya salwanta a hanya. Shi ya sa kwafin da bai cika ba yake yawo a kasuwa, kuma rashin falle ɗaya kaɗai yana karya farashi sosai. Zanukan sun haura 200, kowanne da lambar kashinsa da tasa lambar. Ka sa dillalin ya rubuta maka adadinsu kashi bayan kashi, ka gwada da cikakken kwafi. Manyan ɗakunan karatu irin Wellcome na Landan sun ɗora hotunan irin waɗannan littattafai a intanet kyauta.

Sai tantance na asali da na kwaikwayo. Zanukan Cruveilhier, waɗanda Antoine Chazal ya yi mafi yawansu, bugun dutse ne: a zana da alli mai maiƙo a kan dutsen farar ƙasa, a buga, sannan a bi da launi da hannu. Ka nemi hoton kusa, ko ka duba da gilashi mai ƙara girma sau goma. Na asali za ka ga baƙin yana da ɓarɓashi kamar rairayi, launin kuma yana ɗan ƙetare layi nan da can, da sawun buroshi. In ka ga ɗige-ɗige jere reras kamar hoton jarida, wannan bugun inji ne na baya. Kada rashin ramin gefe ya tsorata ka. Wancan ramin da ke kewaye zane alamar bugun farantin jan ƙarfe ce, irin zanukan da William Clift ya yi wa likita Matthew Baillie, waɗanda suka fara fitowa a Landan a 1799. Dutse ba ya barin irinsa.

Akwai kuma ciko, inda ake ɗauko falle daga wani kwafin a cusa. Takardar kan bambanta da maƙwabtanta a girma ko a fari. Hudar ƙwaro ko tabon ruwa da ya ratsa shafi goma ya tsallake ɗaya a tsakiya, wannan ɗayan baƙo ne. Ciko ba laifi ba ne in an faɗa maka. In akwai hatimin ɗakin karatu, nemi shaidar cewa sayarwa suka yi, kuma ka tambaya ko littafin na buƙatar izinin fita, domin Faransa da Italiya suna da doka a kan haka.

TAMBAYA: Ni ɗalibin likitanci ne daga Maraɗi, kuɗina kaɗan ne. An ce da Morgagni ake farawa.

AMSA: Ɗan'uwa, Morgagni, likitan Italiya, shi ne tushen wannan ilmi na gano cuta a gaɓoɓin jiki, amma littafinsa na 1761 bayani ne zalla na binciken gawa kusan 700, babu zanen cuta a ciki. Kundin Robert Carswell na 1838 mai zane 48, inda aka fara nuna tabon cutar nan mai lalata rufin jijiyoyi (multiple sclerosis) a lakar baya, da na Richard Bright na 1827 mai zanen ƙoda, duk sun fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Ka fara da ƙananan kundayen da kamfanin Lehmann na Munich ya buga a shekarun 1890, waɗanda aka fitar da Turancinsu a Amurka, kamar na Otto Bollinger. An buga su da yawa, launinsu na da kyau, kuma za su koya wa idonka aiki. Amma ka guji fallen zane da ake sayarwa ɗai-ɗai don rataya a bango. Sau da yawa littafi lafiyayye aka yanka don a same su, kuma mai saye ne ke ƙarfafa mai yankan.

TAMBAYA: Mahaifina ya bar mana wani kundin cututtukan fata mai launin hannu a Kano. Ja-jajan tabo sun fito masa, wasu shafuka sun manne. Yaya zan yi?

AMSA: Hajiya, Allah ya jiƙan mahaifi. Kada ki ja shafin da ya manne. Masu sa launi na wancan zamani sukan shafa ƙaro a kan ja da baƙi don su yi sheƙi kamar ɗanyen nama. Ƙaron nan dai da muka sani ne, kuma in damina ta kankama sai ya yi laushi ya kama takardar da ke fuskantarsa. Kina ja, launin zai biyo. Wannan aikin mai gyaran tsofaffin takardu ne, a nemi irinsu a ɗakunan adana kayan tarihi.

Tabon kuwa danshi ne ke tayar da shi, tare da fumfuna ko ɓurɓushin ƙarfe da ke cikin takardar. Ba a goge shi da bilic. Abin yi shi ne a hana shi ƙaruwa. Danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 55 cikin ɗari. Ya haura 65, fumfuna ta samu gida. Hunturu ma yana da tasa ɓarnar, don yana busar da bangon fata har ya tsage. Saurin sauyi tsakanin biyun ya fi komai illa, saboda haka ɗaki na ciki mai inuwa ya fi ɗaki mai na'urar sanyi da ake kunnawa ana kashewa. Ki sayi ƙaramin ma'aunin danshi, ki sa littafin a kwali mara asid, ki kwantar da shi, kada a ɗora fiye da biyu ko uku a kansa. Kanta ta ƙarfe ta fi ta katako saboda gara, a ɗaga ta daga ƙasa, a janye ta daga bango. Kada ki ƙulle shi a leda na dindindin, kuma kada a fesa masa maganin ƙwari.

In akwai ƙwaro mai rai, ana ƙulle busasshen littafi a leda a sa a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri na mako guda, in an fitar a bar shi a ƙulle kwana ɗaya kafin a buɗe. Sai dai inda wuta ke ɗaukewa narkewa da daskarewa za su jiƙa shi, kuma mai ƙaro irin naki sai da shawarar gwani. Yagewa kuma ba a liƙe ta da salatif, gam ɗinsa yana ratsa takarda ya bar tabo. Takardar Japan mai laushi da kokon sitacin alkama ake amfani da su, domin ana iya cire su daga baya. Wajen buɗewa ki wanke hannu ki shanya, ki tallafi bangon da matashi, ki juya falle daga kusurwar sama.