Gida ya kwanta maka a rai, kuɗinsa ya wuce na kasuwa: me doka ta ce?

Wani ɗan kasuwa a Damagaram ya aiko da tambaya. Ya ga gida a Sabon Gari, katanga ɗaya da gidan mahaifiyarsa. Dillalai biyu sun ƙiyasta masa miliyan 18 na sefa, mai gida ya kafe a kan miliyan 22, ya ce akwai wanda ya riga ya taya, kuma yana son kafin alƙalami a wannan mako. Yana tambaya: in ya biya, daga baya ya ga an yi masa tsada, kotu za ta dawo masa da rarar?

Alhaji, ba za ta dawo maka da ita ba. Kundin dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa, a sashe na 1583, ya ce da zarar kun daidaita kan abin sayarwa da farashinsa, ciniki ya faɗa. Sashe na 1674 ya ba da damar warware cinikin gida saboda faɗuwa mai yawa, amma mai sayarwa kaɗai ya ba, shi ma sai in abin da ya karɓa bai kai kashi 5 cikin 12 na darajar gidan ba. Sashe na 1683 kuwa ya rufe wa mai saye wannan ƙofa ƙarara. Ko wurin malamai ka kai maganar, sanannen hukuncin Malikiyya shi ne tsada kaɗai ba ta warware cinikin wanda ya saya ido buɗe.

Abin da ke warware ciniki shi ne yaudara ko ɓoyayyen aibi. In mai tayin da ake tsorata ka da shi na bogi ne, an ƙirƙiro shi don a ɗaga farashi, wannan najashu ne a shari'a, a doka kuma yana iya shiga zamba ƙarƙashin sashe na 1116. Sai dai kai ne za ka kawo hujja, kuma maganar da dillali ya yi a gindin bishiya ba ta da sauƙin tabbatarwa gaban alƙali. Ka tuna kuma la'adar dillali tana hawa ne da hawan farashi.

Ni ba na ce kada ka ƙara ba. Kusanci da gyatuma abu ne da dillali ba ya sa wa kuɗi. A garin nan da ke zaune kan dutse, gidan da famfonsa ke kawo ruwa ya fi wanda za ka dogara da ƴan garuwa duk bazara, kuma bayan damanar 2024 da ta rushe tsohon masallacin Birni, kowa ya san darajar gidan da ke kan tudu. Amma ka sa a ranka miliyan 4 ɗin nan kuɗin biyan buƙatarka ne. Ranar da za ka sayar, mai saye ba zai biya maka maƙwabtaka da mahaifiyarka ba. In kuma da rancen banki za ka cika, ƙiyasin masaninsu za su bi, ba abin da ka biya ba, kuma dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai-ɗaya da Nijar ke bi tare da wasu ƙasashen Afirka, ba ta yarda a yi jingina da gida ba sai mai rajista.

Nan ne wurin da nake so ka tsaya: takardu. Titir fonsiye, wato takardar mallaka mai rajista, ne da gidan, ko takardar fili ta ofishin magajin gari, ko kuwa shaidar mai unguwa ce kawai? Sunan wa ke jiki? Ka je ofishin rajistar filaye a duba ko an jinginar da shi. In gidan gado ne, sai ka ga takardar rabon gado da sa hannun dukan magada, domin sashe na 1599 ya ce in mutum ya sayar da abin da ba nasa ba, cinikin ɓatacce ne. Biyan farashi mai tsada kan gidan da takardarsa ba ta cika ba, wannan ba zan ba ka shawararsa ba ko kusa.

Za a iya ce maka ku rubuta ƙaramin farashi don rage kuɗin rajista. Kada ka yarda. Ban da tarar hukumar haraji, in cinikin ya rushe, abin da ke rubuce shi ne hujjarka. Kuma da za ku rubuta miliyan 7 a gidan miliyan 18, ka miƙa wa mai gida makamin sashe na 1674 da hannunka, yana da shekara 2 ya kai ƙara.

Batun kafin alƙalami, a rubuta matsayinsa a fili. In na damar janyewa ne, sashe na 1590 ya ce kai ka fasa ka rasa shi, shi ya fasa ya biya ka ninki biyu. In somin biya ne, cinikin ya ɗaure ku duka. Ku yi alkawarin ciniki gaban notar, wato jami'in da doka ta ba ikon rubutawa da tabbatar da yarjejeniya, a ajiye kuɗin a hannunsa, da sharaɗin za a dawo maka da shi in bincike ya nuna matsala. Ka nemi kwana 30 na binciken, ka kira masanin gini ya duba harsashi da rufi, sannan ka taya miliyan 20 ka ji abin da zai ce.