Amsa ga mai neman kalmomin Sifaniyanci na bayyana zalunci a wurin aiki

Salamu alaikum. Ɗan'uwa da ya yi tambaya daga Almeriya, na ga bayaninka: kana aiki a rumfunan leda na tumatir, mai gona yana zaftare maka awoyi wajen biya, kai kuma Sifaniyancinka bai kai ka faɗi abin da ke damunka ba. Allah Ya kawo sauƙi. Na yi shekaru ina aikin gona a kudancin Sifaniya, bari in gaya maka abin da na sani.

Kalmar da kowa ke fara koya ita ce injusto, wato abin da babu adalci a cikinsa, sai injusticia, zalunci. Harafin j ɗin nan ana furta shi ne kamar "h" mai kauri daga maƙogwaro. Za ka ce no es justo, "wannan ba adalci ba ne". In abin ya ƙona maka rai, mutanen ƙasar cewa suke no hay derecho, wato "wannan bai dace ba sam". Akwai se aprovecha de mí, "yana ci da gumina", da me han engañado, "an yaudare ni". Za ka kuma riƙa jin enchufe, wato sanayya, idan an fifita wani don yana da uwa a gindin murhu.

Amma gaskiya waɗannan duk na huce haushi ne. Ka faɗa wa shugaban ma'aikata no es justo sau nawa, ɗaga kafaɗa zai yi ya wuce. Kalmomin da nake so ka haddace su ne waɗanda ofis da ƙungiyar ƙwadago ke iya rubutawa a takarda su bi maka haƙƙi.

Ka fara da me deben, "ina bin su bashi". Ka haɗa ta da lamba: me deben veinte horas, ina bin su awa 20. Rashin biya sunansa impago. Takardar albashi nómina ce, ka riƙa karɓarta kana adanawa. Awoyin da suka haura ƙa'ida su ne horas extra, domin dokar ma'aikata, Estatuto de los Trabajadores, ta tsayar da awa 40 a mako idan aka yi lissafi a kan shekara. Tun watan Mayun 2019 wajibi ne mai aiki ya riƙa rubuta lokacin shiga da fitar kowane ma'aikaci, ana kiran wannan registro de jornada. Duk da haka ka sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta naka kullum, don na ga mutane da yawa sun rasa kuɗinsu saboda ba su iya cewa ranar kaza sun yi awa kaza ba. Mafi ƙarancin albashi, salario mínimo, a 2025 Yuro 1,184 ne a wata, ana biya sau 14 a shekara.

Inda aka fi cutar 'yan'uwanmu shi ne ranar sallama. Kora ita ce despido, kora ba bisa ƙa'ida ba kuma despido improcedente. Za a miƙo maka takardar lissafin ƙarshe, finiquito, a ce ka sa hannu nan take. In ba ka gane ta ba, ko ba ka yarda da kuɗin ba, ka rubuta no conforme kusa da sa hannunka, tare da kwanan wata. Ma'anarta ka karɓa amma ba ka amince ba. Kwanakin aiki 20 kacal doka ta ba ka ka ƙalubalanci kora, shi kuwa bashin albashi kana da shekara ɗaya.

Idan abin ya shafi launin fata ne, kalmar ita ce discriminación, ko racismo. Ka iya cewa me tratan peor por ser negro, "ana wulaƙanta ni fiye da sauran saboda ni baƙi ne". Akwai doka ta musamman a kan haka, Ley 15/2022. Ka guji kiran mai gona ladrón, ɓarawo, komai zafin zuciya, don magana za ta koma kan zagin da ka yi, a bar batun kuɗinka.

Ƙara ko ƙorafi a hukumance denuncia ne, ana kai shi Inspección de Trabajo, hukumar gwamnati mai sa ido kan bin dokokin ƙwadago. Kafin nan ka je sindicato, ƙungiyar ƙwadago: akwai CCOO da UGT, a Almeriya kuma SOC-SAT sun daɗe suna tsaya wa baƙi ma'aikatan gona. Ko da ba ka da takardun zama, dokar baƙi ta ce aikin da ka riga ka yi sai an biya ka haƙƙinsa, sai dai ka fara neman shawarar lauyansu kafin ka shigar da ƙara.

Wajen koyo kuwa, kada ka haddace kalma ita kaɗai. Ka rubuta jimloli biyar ko shida a kan matsalarka, da ranaku da awoyi, ka karanta wa wanda ya iya harshen ya gyara maka furuci. In ka turo su nan, zan duba maka in Allah Ya yarda.