Amsa ga ƙaninmu na Gusau: yadda ake auna abin da ido ba ya gani a samaniya

Wa alaikumus salam ƙanina. Tambayarka kashi biyu ce: ta yaya nauyi zai lanƙwasa haske alhali haske ba shi da nauyi, kuma da wace hujja masana ke zana taswirar ɓoyayyen sinadarin nan (dark matter) da suka ce ya cika sararin samaniya, tunda ba wanda ya taɓa ganinsa? Na daɗe ina koyar da fiziks a sakandare a nan Zamfara, kuma wannan fanni na daga cikin abin da ya fi shiga raina, don haka ka yi haƙuri da tsawon amsar.

Ta farko ba ta da wuya. A ra'ayin da Einstein ya kammala a 1915, abu mai nauyi yana lanƙwasa sarari da lokacin da ke kewaye da shi ne, shi kuwa haske hanyarsa kawai yake bi. In hanyar ta karkace, dole ya karkace. Lissafinsa ya ce hasken tauraron da ya gifta gefen rana zai kauce da daƙiƙar kusurwa 1.75, kuma daƙiƙa ɗaya kashi ɗaya ce cikin 3,600 na digiri. To amma wa zai ga tauraro kusa da rana da tsakar rana? Sai an yi husufi. Mu da muke Gusau ranar 29 ga Maris, 2006 mun san abin da ake nufi. Da hantsi gari ya yi duhu, iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki, mutane suka cika masallatai don sallar husufi, Zara kuma ta fito fes a sama. Irin waɗannan 'yan mintuna masanin taurari Arthur Eddington ya je nema a tsibirin Firinsipe, can cikin teku kudu da Najeriya, ranar 29 ga Mayu, 1919, wata tawagar kuma tana Sobral ta ƙasar Birazil. Hotunansu suka nuna taurarin sun gusa daga mazauninsu, kusa da abin da Einstein ya faɗa.

Ta biyun ce mai nama. Wani lokaci lanƙwasar kan yi ƙarfi har abu ɗaya ya bayyana sau biyu, kamar yadda aka fara gani a 1979, ko ya koma zobe. Wannan ba kasafai ba ne. Abin da ya fi yawa shi ne raunanniyar lanƙwasa: hasken galaksi (wato babban tarin taurari) mai nisa ya ratso ta gefen nauyi iri-iri a tafiyarsa, sai siffarta ta ɗan miƙe da kusan kashi 1 cikin 100. Matsalar ita ce galaksi dama ba da'ira ba ce. Kowace da tata siffar, wata kamar ƙwai, wata doguwa, kuma wannan bambanci na asali ya kai wajen kashi 30 cikin 100. Saboda haka duk wanda ya nuna maka galaksi guda ya ce ga raunanniyar lanƙwasa, bai fahimci abin ba. Ka ɗauki gonar gero bayan iska ta wuce. Kara ɗaya ba zai gaya maka komai ba, don kowanne dama da inda ya karkata. Sai ka hau tudu ka dubi gonar gaba ɗaya za ka san ta ina iskar ta biyo.

Ni ban gamsu ba sai da na gwada da hannuna a kwamfuta, kuma ina so kai ma ka gwada. Ka rubuta ɗan shiri da Python, ka ƙirƙiri siffofi barkatai masu bambancin 0.3 (kashi 30 ɗin nan), ka ƙara wa kowace 0.01 (lanƙwasar kashi 1 ɗin), sannan ka ɗauki matsakaici. Da galaksi 100 ba za ka ga komai ba, don hayaniyar, wato bambancin nan na asali, tana raguwa ne da tushen murabba'in adadin: 0.3 a raba da 10, saura 0.03, ta ninka abin da kake nema sau uku. Ka kai su 10,000, hayaniyar ta sauko 0.003, sai ka ga 0.01 ɗinka ya fito sarai. Ranar da na nuna wa ɗalibaina na aji shida wannan a allon laftof, wata yarinya ta ce, "Malam, ashe ƙididdiga ce kawai!" Gaskiyarta. Shi ya sa sai a 1990 aka fara gano alamar a kewayen gungun galaksi, sai kuma a 2000 aka auna ta a faɗin sama.

Siffofin galaksin da ke baya suna miƙewa ne a kewaye da nauyin da ke gaba, daga nan ake lissafo yawansa da inda yake, ko yana haske ko ba ya yi. Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce ta Gungun Harsashi da aka wallafa a 2006. Gungun galaksi biyu ne suka yi karo. Iskar gas mai zafi, wadda ita ce mafi yawan sinadarin da muka sani a cikinsu, ta maƙale a tsakiya, na'urar hangen nesa ta Chandra ta gan ta. Amma da aka auna nauyi ta hanyar lanƙwasa, sai aka same shi ya wuce gaba ta ɓangarorin biyu. Masanin taurari Fritz Zwicky ya yi zargin akwai irin wannan ɓoyayyen sinadari tun 1933, ba a ɗauki maganarsa da muhimmanci ba sai bayan shekaru da dama. Yau ana ƙiyasta shi da kusan kashi 27 cikin 100 na abin da ke sararin samaniya, sinadarin da aka yi mu da shi kuwa kashi 5 ne.

Aikin na da wahalarsa. Iskar duniya da madubin na'ura su ma suna karkata siffa, wani lokaci fiye da lanƙwasar kanta, sai an auna taurarin da ke cikin hoton an cire wannan. Dalilin ke nan da Turai ta harba na'urar hangen nesa ta Euclid a Yulin 2023 zuwa nisan kilomita miliyan 1.5, don ta auna siffar galaksi sama da biliyan ɗaya.

Tunda ka ce kana aji biyu a jami'a, ka riƙe aljebrar layi da ƙididdiga da kyau, ka koyi Python tun yanzu. Yawancin manyan binciken nan suna sakin bayanansu kyauta a intanet, abin da zai ci maka kuɗi data ce da caji. Ka fara da gwajin can na galaksi 10,000, in ka maƙale ka turo abin da ka rubuta mu duba tare.